Abin da Malam Babagana Ya Zubar

Duk wanda ya zauna a Jakara a shekarun nan ya san Malam Babagana, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon dattijon nan mai gajeren gemu da yake fitowa daga lungun masu turare ƙarfe bakwai saura kwata, da farar riga a naɗe cikin leda a hammatarsa, ya fita bakin titi ya tari a-daidaita-sahu mai zuwa Kabuga. Mutanen unguwa Likita suke ce masa. Ya yi gyaran har ya gaji. Shi ba likita ba ne, bai taɓa yi wa kowa allura ba. Ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a wata cibiyar bincike da koyarwa da ke can bayan Ƙofar Kabuga. Aikinsa haɗa ruwan gwaji, auna gishiri, wanke kwalabe, da rubuta suna a jikin kowace kwalba. Amma je ka gaya wa tsohuwar da ta ɗauko masa jikanta yana zazzaɓi ta ji ko za ta saurare ka.

Kakansa ne ya zo daga Borno da fataucin turare, ya sauka a Jakara da niyyar damina ɗaya, aka binne shi a nan bayan shekara arba'in. Zuwa lokacin Babagana, Barbarcin da ya rage a gidan bai wuce gaisuwa da sunaye ba, sai kuma ƙamshin da ya kama bango. Mahaifinsa yana da rumfa a kasuwar Kurmi, kuma yana da hanyarsa ta sayen man turare. Idan aka kawo masa kwalba, ba ya fara shinshinawa. Sai ya fito bakin rumfa ya ɗaga ta sama, ya kanne ido ɗaya. In haske ya ratsa ta tas, ya saya. In ya ga ta ɗan dame, ya san an yi mata algus, amma ba a taɓa jin ya ce wa mutum ka yi algus ba. Zai miƙa masa kwalbarsa da hannu biyu, ya ce yau dai ba shi da buƙata, ya tambaye shi mutanen gida, har ya rako shi taku biyu. Babagana yana zaune a kan buhu yana kallo. Abu biyu ya ɗauka daga rumfar nan: idon da yake gane ruwa mai tsabta, da bakin da ba ya tona wa mutum asiri.

Turaren kuwa bai gada ba, ƙaninsa ne ya gada. Shi boko aka sa shi. Da ya gama sakandare ya yi kwas na shekara biyu, aka ɗauke shi a cibiyar a matsayin mai wankin kwalabe. A makon farko wani tsohon farfesa ya nuna masa kwalabe biyu, ɗaya garau, ɗaya ta dame, ya ce masa wannan mai kyau ce, wannan ta lalace, ƙwayoyin cuta ko datti sun shige ta. Babagana ya yi murmushi a ransa, don shi wannan darasin tun yana ɗan shekara bakwai ya haddace shi.

Shekara talatin da biyar ya yi a ɗakin nan. Shugabanni sun zo sun tafi, injuna sun mutu an jingine su a baranda, ɗalibai sun shigo ba su san hannun damansu ba sun fita da manyan digiri. Shi yana nan a kan kujerarsa mai ƙafa uku kusa da taga. An san shi da abu ɗaya: ruwan da Malam Babagana ya haɗa ba ya ba da kunya. Malaman da ba sa ga maciji da juna ma sun yarda da wannan.

Matarsa Dije ta rasu shekara biyu kafin abin da za a ba da labarinsa. Ciwon bai yi wata guda ba. An yi zaman makoki a zauren gidansu, aka share bakwai, a rana ta takwas ya naɗe farar rigarsa ya fita. Mutane suka yi ta yaba haƙurinsa, liman har misali ya yi da shi. Shi kuwa ya san ba haƙuri ba ne. Mai haƙuri yana jin zafi ya danne. Shi babu abin da yake ji da zai danne. 'Yarsa Ikram, da take aure a Sheshe, tana aiko masa da abinci kullum. Yana ci, ya wanke kwanon, ya kife. In ta tambaye shi ko miyar ta yi daɗi sai ya ce ta yi, kuma ba ƙarya yake nufi ba, bai dai sani ba ne. Asabar da Lahadi su ne wahalarsa. Zai zauna a tsakar gida ya ga inuwa ta taso daga bangon gabas ta koma na yamma. A wurin aiki ne kawai yini yake da farko da ƙarshe, don akwai abin aunawa, akwai abin wankewa, akwai wanda zai leƙo ya ce Baba ina kaza.

Sai takardar ritaya ta zo. Saura wata shida. Ya karanta ta a tsaye, ya ninke ta huɗu, ya sa a aljihu. Bai ji tsoro ba, bai ji baƙin ciki ba. Ya dai gane cewa nan da wata shida kowace rana Asabar za ta zama.

A cikin watannin ne Dakta Zaituna ta dawo daga Turai. 'Yar Sheshe ce, kuma shi ya koya mata riƙe fifet, abin zuƙo ruwan nan mai kama da alƙalami, lokacin tana ɗaliba. Yana tune da ita sarai. Yarinya ce mai kai, amma kuskure yana yi mata ciwo fiye da kima. Ranar da ta fasa wata babbar kwalba, kwana uku ba ta iya haɗa ido da kowa ba. Yanzu ga ta ta dawo bayan shekara shida da gilashi a ido, da wani akwatin sanyi da ta hana kowa ɗauka. Ta shigo ɗakin, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi kamar yadda ta saba.

"Baba, mun same ku lafiya? Ya ƙarin haƙuri? Ina can na ji rasuwar Mama."

"Haƙuri da godiya, Dakta. Tashi mana, ai yanzu ke ce babba a ɗakin nan."

"A'a, Baba. A ɗakin nan dai ku ne."

Ta buɗe akwatin. Hayaƙin sanyi ya taso, a ƙasa ga wasu 'yan kwalaben roba goma sha biyu, kowace ba ta kai ɗan yatsa ba, da ɗan abu kore-kore a daskare a cikinsu. Ta ce furotin ne, wani sinadari na cikin ƙwayar halitta, wata takwas ta yi tana tace shi a can. Ta ce abokan aikinta na can sun ba ta wata uku. In ta iya nuna a nan Kano abin da ta nuna a can, za a bar wani sashe na binciken a cibiyar har shekara uku, kuma za a buƙaci ma'aikaci mai hannu.

"Na riga na rubuta sunanku, Baba. In aikin nan ya tsaya da ƙafarsa, ba inda za ku je."

"Allah ya sa," in ji shi.

Amma da ya koma gida ya fito da takardar ritayar daga aljihu, ya ajiye ta a ƙarƙashin tire, bai ƙara yawo da ita ba.

To, a nan ne gizo yake saƙar, kuma abin haushin shi ne babu mugu a cikin labarin. Dakta Zaituna ba ta zaunar da shi ta yi masa bayanin abin da take nema ba. Ta yaya za ta tsaya a gaban mutumin da ya koya mata wanke hannu ta riƙa karantar da shi kamar ɗan aji ɗaya? Ta dai rubuta masa awon gishirin da take so, ta miƙa da hannu biyu. Shi kuma bai tambaya ba. Ta yaya mai wankin kwalabe zai tsare dakta da tambayoyi, a ce yana gwada iliminta? Kowa ya girmama kowa, kowa ya yi shiru.

Tsarin aikin kuwa haka yake. Na'urar da take ganin abin, babban maikiroskof ne mai hasken kore, yana wani gini daban, kuma ba a kunna masa janareta sai Talata da Alhamis, daga sha biyu zuwa biyu. Ita kuma an ɗora mata azuzuwan safe gaba ɗaya, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya dawo da sabon digiri don a sauke masa kai. Saboda haka ƙarfe tara saura take shigowa a gurguje, ta narkar da kwalba ɗaya daga cikin sha biyun, ta gauraya da ruwan gishirin da ya haɗa mata, ta raba a ƙananan kwalabe, shi ya rubuta musu suna, ta jera su a kan bencin aiki ta ruga aji. Sha biyu ta dawo ta kwashe su ta tafi wajen na'urar.

Talatar farko, wajen ƙarfe goma, Malam Babagana ya zo wucewa da tsumma. Hannunsa ne ya ɗauki kwalba ɗaya, ba da shawararsa ba, ya ɗaga ta saitin taga. Ta dame. Ba sosai ba, wani ma ba zai gani ba, amma ta dame, fari-fari kamar ruwan da aka wanke shinkafa. Ya ɗaga ta biyu, haka. Ya ɗaga duka, haka. Ya koma ya ɗauko babbar kwalbar ruwan gishirinsa ya duba: garau.

Ya tsaya yana lissafin abin a ransa. In ba daga ruwansa ba ne, daga hannunta ne ke nan. Ya ji an ce a can injuna ne suke yi wa mutum komai, ba mamaki hannun ya yi sanyi. Ya tuna malaman sashen da suke jiran ta yi tuntuɓe, waɗanda tun ranar da ta dawo suke ce mata Baturiya a bayan ido. Ya hango su suna cewa ta je Turai shekara shida ta dawo ba ta iya haɗa ruwa mai tsabta ba. Ya tuna kwana ukun nan da ta yi kanta a ƙasa saboda kwalba guda. Shin sai ya tare ta ya ce Dakta, aikinki ya yi datti? Bakinsa ba zai iya ba.

Akwai abin da ake yi wa ruwa in ya dame, kuma ya yi shi sau dubu. Ya zuba kwalaben a santirifuj, injin nan da yake wulwula abu da gudu har mai nauyi ya kwanta a ƙasa. Minti biyar. Da ya fito da su, kowace da ɗan ɗigo a gindinta, bai kai ƙwayar riɗi ba, sama kuma garau. Ya zuƙe na saman a hankali ya juye a sababbin kwalabe, ya rubuta sunayen da rubutunsa, wanda dama shi ne a jikin na farkon. Tsofaffin da ɗigon da ke cikinsu ya jefa a bokitin bilic, ruwan kashe ƙwayoyin cuta. Ya jera sababbin yadda ta bar su. Ya ɗan ji wani abu mai kama da daɗi, kaɗan dai, irin na wanda ya kawar da ƙaya daga hanya ba wanda ya gani.

Ƙarfe biyu ta dawo daga wajen na'urar, ta ajiye tiren kwalaben.

"Ya aka yi, Dakta?"

"Ba komai, Baba. Ban ga ko ɗaya ba."

"Sai haƙuri. Farko ne."

Bai san mene ne ba ta gani ba. Ya ɗauka dattin ya riga ya yi ɓarna kafin ya kai gare shi. Ranar Alhamis sai ya duba da wuri, kuma ya ƙara wa injin minti biyar.

Haka aka yi mako shida. Ta rage gishiri, ta ƙara gishiri. Ta ce zafin Kano ne, ta sayo ƙanƙara ta jera kwalaben a kai. Ta ce ko ruwan famfon ne, aka nemo wani ruwan daga wani asibiti. Ta ce har koren ma yana dusashewa, kamar wani abu yana cinye furotin ɗin. Ta rame, ta daina tsayawa hira a baranda. Kowace Talata da Alhamis kwalba ɗaya tana raguwa a firiza, kowace Talata da Alhamis Malam Babagana yana ɗagawa saitin taga ya girgiza kai, ya kunna inji. Sau biyu ya buɗe baki zai ce mata ta riƙa canja safar hannu, sau biyu ya mayar da maganar. Abin da ya iya yi shi ne ya ƙara wanke mata komai sau uku maimakon sau biyu.

Ranar Alhamis ɗin da kwalba ta sha biyun ta ƙare, ba ta tafi ofis ba. Bayan la'asar ta zo ta zauna a kan wata kujera a ɗakin, ta cire gilashinta ta riƙe. Shi yana goge kwalabe. Sai ta fara magana, ba lallai da shi ba, kamar mai bitar karatun da ta san ba za a tambaye ta ba.

"Kun san, Baba, kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana ɗauke da littafi guda, na gado, iri ɗaya. Wanda yake cikin ido shi ne a cikin hanta. Abin da ya bambanta su shi ne wane shafi ake buɗewa a kwafa. Ido ya kwafi nasa, hanta ta kwafi nata. To shekara da shekaru ana tambaya, masu kwafar nan, su da suke warwatse a cikin ƙwayar, ya suke yi su haɗu a kan shafi ɗaya a lokaci ɗaya?"

"Ikon Allah," in ji shi, yana gugarsa.

"Ikon Allah ne. Ashe taruwa suke yi. Kamar majalisar ƙofar gida, Baba. Ba katanga, ba ƙofa, wani ya tashi wani ya zauna, amma kowa ya san ga inda majalisar take. Furotin ɗin nan da na kawo, shi ne yake fara zama. Sai ya dunƙule ya zama ɗan ɗigo, kamar mai a kan miya, ya janyo sauran, ya janyo injin kwafar shi kansa. Inda ɗigon ya sauka, shafin nan ake karantawa da ƙarfi. In ya watse, karatun ya yi ƙasa. Kondenset suke ce masa. Akwai ciwon dajin da ake ganin ɗigon ne yake sauka inda bai kamata ba, ya ƙi tashi. Ni abin da nake so na nuna ke nan, yaushe yake taruwa, me yake watsa shi. A can na gan shi ya fi sau ɗari. Kore shar, suna yawo, biyu su haɗu su zama ɗaya. A nan ko ɗaya."

Malam Babagana ya lura tsumman da ke hannunsa ya daina motsi.

"Dakta, in ya taru ɗin, ana iya ganinsa da ido haka?"

"Ɗigon kansa sai da na'ura. Amma ruwan yana nunawa. Bayan kamar rabin awa sai ya dame, ya yi fari-fari. Kullum in na dawo daga aji na ɗaga na gan shi garau, tun kafin na je wajen na'urar gabana yake faɗuwa. Wallahi Baba, sau ɗaya na so na ga ruwan nan ya dame."

Ya ajiye kwalbar da ke hannunsa a kan benci, a hankali, don kada ta yi ƙara. Bokitin bilic ɗin yana nan a gindin famfo, taku uku daga ƙafarta. Bai ji jiri ba, zuciyarsa ba ta buga ba. Ya dai ji ɗakin ya yi nisa, muryarta tana zuwa kamar daga gidan maƙwabta. Tana cewa ranar Litinin za ta rubuta wa abokan aikinta na can, ta ce abin bai yiwu a nan ba, ba ta san dalili ba. Ta miƙe, ta ce ya yi haƙuri, ta sa masa rai a banza. Ya ce ba komai. Ya kulle ɗakin ya tafi gida.

Juma'a ya je aiki ya dawo, ya je masallaci. Asabar da Lahadi ya zauna a tsakar gida. Ba wani kokawa ya yi da zuciyarsa ba, kada a ƙara masa abin da bai yi ba. Abin a shimfiɗe yake a gabansa. Ba wanda ya sani, ba wanda zai sani. In ya yi shiru, za ta rubuta cewa abin ba ya yiwuwa a Kano, ta ci gaba da zargin hannunta har ƙarshen rayuwarta, shi kuma ya fita da sunansa fes. In ya faɗa, za ta iya gaya musu furotin ɗin lafiyarsa ƙalau, wani tsoho ne ya yi ta zubar da shi. Ƙila su sake aiko mata da wani, su ce ta canja ma'aikaci. Ta kowace hanya dai shi gida zai dawo.

Litinin ƙarfe takwas ya ƙwanƙwasa ofishinta. Bai taɓa zama a ofishin ba, ranar ma bai zauna ba. A tsaye ya faɗa mata, da hularsa a kai, da muryar da yake karanto awon gishiri. Ya ce tun Talatar farko ruwan yana damewa. Ya ce sau goma sha biyu ya dame, sau goma sha biyu ya wulwula shi ya zubar da na ƙasan. Ya faɗi mintocin, ya faɗi bokitin.

Ta kalle shi kamar da wani yare yake magana.

"Ya dame?"

"Kowane lokaci."

"Har ranar da na sa ƙanƙara?"

"Ranar ma ya fi damewa."

Wata 'yar dariya ta kuɓuce mata, ba ta daɗi ba, ta rufe bakinta da gefen mayafi. Sai hawaye. Ta bar su suna zuba, ba ta share ba.

"Baba, me ya sa?"

"Na ɗauka datti ne. Na ɗauka daga hannunki ne. Ban so a ji ba, ban so ke ma ki ji ba."

"Da kun bar ni na ji kunyar, Baba. Yini ɗaya ce."

Ya ce abin da ya kawo shi ke nan: ta rubuta musu gaskiya, ta sa sunansa, Babagana, ma'aikacin ɗakin gwaji, shi ya yi. Ya ce su mutane ne masu son a nuna musu inda ɓarakar take, in sun ga an gano ta kuma an cire ta, za su sake gwadawa.

"Ƙila," in ji ta.

"To ki rubuta."

"Ni ce ban gaya muku abin da nake nema ba. Kwana arba'in muna ɗaki ɗaya."

"Ni ma ban tambaya ba. Ki rubuta, Zaituna."

Rabon da ya kira ta da sunanta tun tana ɗaliba. Ta sunkuyar da kai ta girgiza shi.

"Ba zan sa sunan ubana a takarda na aika wa Turawa su karanta a taro ba. Ku yi haƙuri. Ba zan iya ba."

Ya sake roƙonta washegari, ya sake ranar Laraba. Ranar Alhamis ta ce masa ta riga ta aika. Ta rubuta cewa an yi kuskure wajen sarrafa samfurin a ɗakinta, kuma alhakin nata ne ita kaɗai. Bayan mako uku amsa ta zo, mai ladabi ƙwarai. Sun gode da gaskiyarta, sun ce ba su da wani furotin ɗin a ƙasa, kuma sun ga ya fi dacewa a kai sashen binciken wata ƙasa inda aka riga aka saba da aikin. A cibiyar labari ya bazu cewa Baturiya ta kwafsa. A gabansa aka faɗa, a ɗakinsa, wani malami yana jiran ya auna masa gishiri yana dariya. Malam Babagana ya buɗe baki, sai ya tuna ta ce in ya faɗa wa kowa, ya mayar da ita maƙaryaciya a kan takardar da ta sa wa hannu. Ya auna gishirin ya miƙa.

Ranar da wata shidan suka cika aka yi masa walimar sallama a ɗakin taro. An kawo lemo da cincin. Shugaban sashe ya tashi ya ce a shekara talatin da biyar Malam Babagana bai taɓa lalata wa kowa aiki ba, ya ce matasa su yi koyi, har ya ɗan waiga ɓangaren da Dakta Zaituna take zaune. Aka tafa. Aka miƙa masa agogon bango a kwali, aka ce ya ce wani abu. Ya miƙe. Ya dubi inda take. Ba ta ɗago ba, ta dai girgiza kai kaɗan, yadda shi kaɗai zai gani. Ya ce ya gode, Allah ya bar zumunci, wanda ya ɓata wa ya yafe masa. Aka ce amin, aka sake tafawa.

A baranda ya jira ta. Mutane sun watse, ta fito da littattafan ajin da za ta shiga a hannu. Da ta gan shi ta durƙusa, kamar kullum.

"Baba, Allah ya sa a huta lafiya."

"Zaituna, wancan roƙon na ciki na kowa ne. Ke nake roƙo. Ki yafe mini."

So yake ta ce ta yafe. In ta ce ta yafe, to an yi laifin ke nan, an san mai shi, an kuma sauke masa. Ta ɗago ta dube shi da idon da ya faɗa saboda rama, ta ba shi amsar da duk 'yar mutunci take ba babba.

"Haba Baba. Ai ba ku yi mini komai ba."

Ta miƙe ta gyara mayafinta ta wuce aji, don ta makara. Shi kuma ya tsaya a barandar da kwalin agogo a hannu, kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, kuma babu sauran wanda zai kai wa ita.